Binciken Ɗaliban Injiniya a kan Ƙasar Hanya, da Gini, da Zirga-zirga

A jami'o'in Nijeriya karatun injiniya na digirin farko shekara biyar ne. A shekara ta huɗu ɗalibi ya kan fita ya yi wata shida a wurin aiki, bisa ga tsarin koyon sana'a da aka kafa cikin 1973. A ta biyar kuwa ba a sallamarsa sai ya ɗauki wata matsala guda, ya bi ta da awo da gwaji a ƙarƙashin wani malami, ya rubuta kundi, sa'an nan ya tsaya gaban malamai su yi masa tambayoyi. A Arewa, asalin wannan karatu Samaru ta Zariya, a kwalejin da aka mayar Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Daga baya Kano da Maiduguri da Bauchi da Minna suka bi sahu. Ɗaliban da a ke magana a kansu a nan su ne na sashen hanyoyi da gadoji da gine-gine. Aikinsu ya shafi masu nazarin Hausa fiye da yadda a ke zato, gama kayan da su ke aunawa, watau marmara da yumɓu da makuba da azara, tun kafin a san injiniya a ƙasar nan magina da manoma da mata masu daɓe sun san su, sun kuma sa musu sunaye.

Wanda ya dubi titi, kwalta ya ke gani, sai ya ɗauka ita ce hanyar. Alhali kuwa kwalta fata ce kurum, a hanyoyi da yawa kaurinta bai wuce yatsa biyu ko uku ba. Ita kalmar ma aro ce daga sunan da Turawa ke kiran baƙin man da a ke tatsa daga gawayin dutse, ko da ya ke abin da a ke malalawa yanzu ragowar ɗanyen man fetur ne. Ƙarƙashin kwaltar akwai shimfiɗa ta fasasshen dutse ko zaɓaɓɓiyar marmara, ƙarƙashin wannan akwai wata shimfiɗar wadda ba ta kai ta ƙarfi ba, can ƙasa kuma sai ƙasar wurin kanta. John McAdam, mutumin Sukotlan wanda ya gyara hanyoyin Ingila wajen 1820, ya kafe a kan cewa ƙasar wurin ita ke ɗaukar nauyin duka, kuma za ta ɗauka muddin an tsare ta daga ruwa. Har yanzu ba a rushe maganarsa ba. Sabo da haka ne galibin binciken hanya ya ke farawa daga rami.

Ɗalibi ya kan tafi inda tifofi ke ɗiban marmara, ya kankare ƙasar sama mai saiwoyi, ya cika buhuna, ya kawo ɗakin gwaji. Farkon aikinsa tankaɗe ne. Akwai jerin rariya na ƙarfe, an ɗora su bisa juna, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa. Ta ƙarshe idonta milimita 0.075 ne, har ba a tankaɗa ƙasa ta cikinta sosai sai an wanke da ruwa. Abin da ya tsaya a kowace rariya a auna shi. Ƙasa mai kyau ita ce wadda ta haɗa manya da matsakaita da ƙanana, domin ƙananan su cike ramukan da ke tsakanin manyan. In garin ya yi yawa kuwa, tsakuwar ba ta taɓa juna, sai ta zama tana iyo cikin laka. Ƙa'idar hanyoyi ta gwamnatin tarayya ba ta yarda abin da ya wuce rariyar ƙarshe ya ɗara kashi 35 cikin ɗari ba.

Sa'an nan a koma kan garin, a ga halinsa da ruwa. Wannan awo wani masanin ƙasar noma ne na Suwidin, Albert Atterberg, ya fito da shi cikin 1911, Arthur Casagrande kuma ya daidaita kayan aikinsa a Amurka cikin 1932. A kan kwaɓa ƙasar, a shafa ta cikin wani ɗan ƙoƙo na tagulla, a tsaga ta biyu da ƙarfe, a riƙa juya hannun da ke ɗaga ƙoƙon yana sakinsa. Yawan ruwan da zai sa tsagar ta haɗe a bugu na 25, shi ne iyakar da ƙasa ke barin danƙo ta fara malala. Ɗaya iyakar kuwa da tafin hannu a ke nemanta: a murza curin ƙasa bisa gilashi har ya yi siriri kamar zare mai kaurin milimita 3, a daidai ruwan da zaren ya fara kakkaryewa nan ne ƙasa ta bar danƙo ta koma marmashi. Mai ginin tukwane in ta ga ɗalibi yana wannan murza ba za ta yi mamaki ba, don haka ita ma ta ke gwada yumɓu. Bambancin kawai shi ɗalibi yana sa abin da ya murza cikin tanda kwana guda, ya auna ruwan da ya fita, ya rubuta lamba. Tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu ita ke nuna yawan danƙon ƙasa. Abin da mai tukwane ke nema, mai hanya gudunsa ya ke yi: ƙasar shimfiɗa ba a son tazararta ta wuce 12.

Gwaji na uku daɓe ne, ba wani abu ba. Matan da ke daɓen ɗaki sun sani busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, jiƙaƙƙiya sharkaf kuma sai ta riƙa tsere wa madaɓi. Yayyafi a ke yi daidai gwargwado. Ralph Proctor, injiniyan madatsan ruwa na birnin Los Anjalas, shi ya mai da wannan sani lissafi cikin 1933. A kan zuba ƙasa cikin gwangwanin ƙarfe hawa uku, kowane hawa a buge shi da guduma mai nauyin kilo biyu da rabi wadda ke faɗowa daga tsayin ƙafa guda. A sake yi sau biyar ko shida, kowane karo ana ƙara ruwa kaɗan. Nauyin ƙasar da ta shiga gwangwanin ya yi ta hawa, ya kai ƙololuwa, sa'an nan ya fara sauka. Dalili kuwa, ruwa kaɗan yana sa ƙwayoyin ƙasa su zame su matse juna, amma in ya yi yawa sai ya zauna a gurbin da ƙasa za ta shiga, ga shi kuwa ruwa ba ya daɓuwa. Wannan ƙololuwa ita a ke nema a fili, shi ya sa a ke ganin tankar ruwa tana tafe a gaban injin daɓe. Ɗan kwangilar da ya yi rowar ruwa da rani, ko ya yi gaggawar daɓe washegarin ruwan sama, hanyarsa za ta yi kyan gani ranar buɗewa, damina biyu kuma ta tona asirinsa.

Na huɗu shi ne gwajin Kalifoniya, wanda injiniyoyi ke taƙaitawa CBR. O. J. Porter ya tsara shi a ma'aikatar hanyoyi ta jihar nan wajen 1930, sojan Amurka suka ɗauke shi a Yaƙin Duniya na Biyu don gina filayen jiragen sama, daga nan ya bazu duniya. A kan daɓe ƙasa cikin gwangwani, a jiƙa ta kwana ɗaya ko har huɗu, bisa ga ƙa'idar da a ke bi, don a kwaikwayi tsakiyar damina. Sa'an nan a danna mata sandar ƙarfe a hankali har ta nutse milimita biyu da rabi, da kuma biyar. Ƙarfin da aka yi amfani da shi a kwatanta shi da wanda fasasshen dutse mai kyau ke bukata, wanda aka ba lamba 100. Shimfiɗar sama 80 a ke nema mata, ta ƙasa 30.

Mai karatu zai lura gwaje-gwajen nan duka a ƙasashen sanyi aka haife su. A nan ne binciken gida ya sami abin yi. Marmara da danginta ƙasa ce ta wurare masu zafi da damina, inda ruwa ya daɗe yana wanke dutse har ya bar tsatsar ƙarfe da sinadarin sanholo, ita tsatsar ce ke ba ta ja. Francis Buchanan ya bayyana ta cikin 1807 a kudancin Indiya, inda ya tarar ana yanka ta da taushi ana gini, in ta sha iska ta taurare. Sai ya raɗa mata suna daga kalmar Latin mai ma'anar tubali. Halinta ya saɓa wa na ƙasar Turai ta fuska biyu. Tsakuwarta ba dutse ba ce sosai, guduma na iya farfasa ta, har ƙasar da ta ci gwajin tankaɗe kafin daɓe ta faɗi bayansa. Kuma wasu irinta in an busar da su cikin tanda kafin gwaji sai danƙonsu ya ragu, lambar da a ka samu ta yi ƙarya. Ofishin binciken hanyoyi na Ingila ya fitar da jagora ta musamman don ƙasashe masu zafi cikin 1962; M. D. Gidigasu na Gana ya wallafa babban littafi a kan marmara cikin 1976, S. A. Ola kuma ya yi ta auna ƙasashen Nijeriya a Zariya, ya tattara littafi a kansu cikin 1983. Kundin ɗalibi, kome ƙanƙantarsa, ƙari ne a kan wannan jeri, gama marmarar kowane rami da halinta.

Ƙasar da ta fi ba masu hanya wuya ita ce baƙar laka ta ƙwaryar Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, wadda Barebari ke kira firgi. Akwai irinta kuma wajen Numan da Gombe. Ga manomi albarka ce, don ita ke riƙe damshin da a ke dasa masakwa a kai bayan ruwa ya janye. Ga injiniya kuwa masifa ce. Yumɓun da ke cikinta kamar shafukan littafi ya ke, ruwa na shiga tsakanin shafi da shafi, sai ta kumbura. Da rani ta tsuke ta tsattsage, har hannu ya shiga tsagar. Hanyar da ke bisanta gefunanta ke fara jiƙa da bushewa, tsakiya na nan a rufe da kwalta, sai gefe ya riƙa hawa da sauka shekara-shekara, kwalta ta tsage a tsaye, ruwa ya sami ƙofa. Ga shi marmara da dutse sun yi nisa da wuraren nan. Maganin da aka sani shi ne a gauraya ƙasar da ƙonanniyar farar ƙasa, wadda ke kashe danƙon yumɓu, ko da siminti in ƙasar mai yashi ce. Duka biyu tsada gare su.

Daga nan ne wani irin bincike ya taso wanda ya cika kundayen ɗalibai: neman toka da za ta rage yawan simintin. Asalin dabarar tsohuwa ce, Rumawa sun yi gini da tokar dutse mai aman wuta ta garin Pozzuoli suna haɗa ta da farar ƙasa. Toka mai yawan sinadarin yashi, in ta gamu da farar ƙasa da ruwa, a hankali ta kan zama wani irin siminti. An gwada tokar ɓuntun shinkafa, da ta tuƙar rake, da ta ɓawon gyaɗa, da ta ɓawon ɗorawa, watau ita makubar da a ke jiƙawa a yi daɓe da yaɓe. Abin da a kan samu galibi iri ɗaya ne: toka ita kaɗai tana rage danƙo da kumburi, amma ba ta kai baƙar laka ga ƙarfin shimfiɗar sama, tare da siminti ko farar ƙasa kuwa tana taimako, har zuwa wani gwargwado, in an wuce shi ƙarfin ya koma baya. Ƙunar ma da ƙa'ida: ɓuntu yana son zafi wajen digiri 600 zuwa 700. Wanda aka ƙone a fili ya kan fito da sauran gawayi, wanda wuta ta yi wa yawa kuma tokarsa ta mutu. A nan akwai abin faɗi. Sauya sunan toka kowace shekara, a maimaita gwaji huɗun nan a kan buhu uku daga rami guda, horo ne mai kyau ga hannun ɗalibi, amma ba ya amsa tambayar da ɗan kwangila zai yi, watau ina za a sami tan ɗari na wannan toka, nawa ne kuɗin ƙona ta da ɗaukarta, kuma yaya za ta yi bayan damina biyar a ƙarƙashin tirela.

Maganar tirela kuwa tana da lissafi mai ban tsoro. Daga 1958 zuwa 1960 aka yi wani babban gwaji a Ottawa ta jihar Ilinoi, a Amurka, inda manyan motoci suka yi ta zagaya hanyoyi masu kauri dabam dabam har suka lalace. Aka gano ɓarnar da mota ke yi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da ke kan aksul, watau sandar da ta haɗa ƙafafunta. In nauyi ya ninka biyu, ɓarna ta ninka wajen 16, in ya ninka goma, ta ninka dubu goma. Ma'aunin da aka tsayar shi ne aksul mai ɗauke da tan 8.2. Ashe ƙananan motoci, kome yawansu, kusan ba a lissafa su wajen kaurin hanya. Tanka da tirela su ne abin ƙirga, musamman waɗanda aka yi wa lodi fiye da kima. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, Ƙaura Namoda 1929, Nguru 1930, Maiduguri 1964, shi ya riƙa ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu. Da sufurinsa ya ja baya daga shekarun 1970 zuwa gaba, sai siminti da taki da fetur da shanu duk suka hau kwalta. Ɗalibin da ya zauna bakin hanya ya ƙirga manyan motoci, ya mai da su aksul na ma'auni, shi ne ke iya nuna ko shekarun da aka yanka wa hanya za su cika. Wani kuma kwalbati ya ke bi, yana auna faɗin filin da ke malalo ruwa zuwa gare ta, da ƙarfin ruwan sama, ya ga ko bakinta ya isa. Sau da yawa bakin ya isa, yashi da shara ne suka toshe shi.

A wajen gine-gine, kankare ne abin gwaji. A kan zuba shi cikin ƙananan akwatuna masu milimita 150 kowane gefe, a ajiye curin cikin ruwa, a murƙushe wasu da inji a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana bakwai ya kan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin na ƙarshe. Abu biyu ɗalibi ke koya a nan waɗanda su ka saɓa wa abin da ido ke nunawa. Na farko, siminti ba bushewa ke taurara shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. Don haka ginin da iskar hunturu ko zafin bazara ya busar tun yana ɗanye ya cutu, ban-ruwa wajibi ne. Na biyu, ruwan kwaɓi in ya yi yawa yana rage ƙarfi, kamar yadda Duff Abrams ya nuna cikin 1918, don ruwan da ya yi saura in ya tafi ramuka ya ke bari. Lebura na son kwaɓi mai ruwa don ya fi sauƙin shebur. Haka kuma bulo: bincike da yawa da aka wallafa a Nijeriya sun sayo bulo daga masu bugawa sun murƙushe, suka tarar bai kai ƙarfin da ƙa'ida ta yanka ba, don buhun siminti guda an ja shi ya fitar da bulo fiye da ƙarfinsa.

Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in an ja shi ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa a ke sa rodi a inda ja ya ke: a ƙasan gadar da ke zaune kan ginshiƙi biyu, amma a saman barandar da ta miƙo ba madogari. In masu zuba kankare suka tattake rodin barandar ya koma ƙasa, kamar ba a sa ba. Maginan Hausa sun riga sun kama wannan ma'ana da ƙasa da azara. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba a kan bar ta ta ƙetare fili fiye da wajen ƙafa shida ba tare da tallafi ba. Don a rufe babban soro sai a dasa azara cikin bango, a ɗaure wata bisa wata, kowace ta ɗan miƙo gaba tana rusunawa, har na wannan gefe su gamu da na wancan, a lulluɓe da ƙasa: bakan gizo ke nan. Ƙasa ta ɗauki danniya, azara ta ɗauki lanƙwasa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a tsakanin 1834 da 1846, shi ne babban misali, Z. R. Dmochowski kuwa ya auna irin waɗannan gine-gine ya zana su cikin aikinsa da aka buga a 1990. Injin da ke karya sandar kankare yana iya karya azara da tubali ya faɗi lambarsu.

Binciken zirga-zirga ya fi sauran arha, agogo da takarda sun isa. Ɗalibai su kan raba bakunan mararraba ko shataletale, su ƙirga abin hawa daga safe zuwa magariba, su fid da sa'ar da cunkoso ya fi tsanani, sa'an nan su lissafa daƙiƙun da ya kamata danja ta ba kowane hannu, galibi da lissafin da F. V. Webster ya fitar a Ingila cikin 1958. Wahalar ita ce lissafin yana mai da kowane abin hawa ƙaramar mota, jadawalin Turai kuwa bai san amalanke ba, bai kuma san mai ɗaukar fasinja da ke tsayawa inda ya ga dama ba. A Kano, da aka hana acaɓa cikin Janairu 2013, A Daidaita Sahu ta cike gurbin, ƙidayar da aka yi kafin wannan shekara ta daina bayyana titunan birnin.

Sauran magana ta suna. Injiniya yana raba ƙasa aji-aji, daga A-1, tsakuwa mai kyau, zuwa A-7, laka mai danƙo. Firgi a aji na ƙarshen nan ta ke faɗawa. Bahaushe kuma yana da nasa rabon: jigawa, da fako, da gargari, da laka, da taɓo, da yumɓu, da marmara, da burji, da yashi, da rairayi. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun kawo kalmomin da ma'anarsu, amma ƙamus ba ya tankaɗe. Aiki ne da ya dace da ɗalibi biyu, ɗaya na Hausa ɗaya na injiniya: na farko ya bi magina da manoma da masu haƙar rijiya a Zazzau da Katsina da Sakkwato da Damagaram, su nuna masa da hannunsu abin da su ke kira gargari ko marmara, na biyu ya ɗebo abin da aka nuna, ya bi da shi ta rariya da ƙoƙon Casagrande da gwangwanin Proctor. Daga nan za a ga ko suna guda ƙasa guda ya ke nufi a garuruwan huɗu, a kuma sami kalmomin da malamin kwalejin horon malamai zai koyar da awon ƙasa da su, mai kula da leburori kuma ya yi umurni da su a bakin rami.